Zailitol daga totuwar masara: hanyar nikel, ta yis, ko ta enzayim?

Ɗalibi mai shirin digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, ko ɗan kasuwar da ya tara 'yan kuɗi yana son shiga sarrafa amfanin gona, in suka zo min da maganar zailitol tambayarsu kusan iri ɗaya ce: "Malam, an ce da totuwar masara ake yin sa, ga ta kuwa tuli-tuli a garinmu ana hura wuta da ita. Wace hanya zan bi?" Hanyoyin huɗu ne, kuma kowace tana da inda take cin kuɗi da inda take cin rai. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'auni guda, don mai zaɓe ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ga wanda bai taɓa ganin sa ba, zailitol fari ne mai tsaba-tsaba. In an zuba maka a tafin hannu ba za ka raba shi da sukari ba sai ka lasa ka ji wani sanyi a harshe kamar na na'a-na'a. Zaƙinsa kusan daidai yake da na sukari, amma kalori 2.4 ne a giram ɗaya, sukari kuwa 4. Ba ya ɗaga sukarin jini da sauri, kuma bakteriyar nan ta baki, Streptococcus mutans, ba ta iya mayar da shi tsamin da ke cin haƙori. Bajamushe Emil Fischer ya haɗa shi wajen 1891, amma kasuwarsa ba ta buɗe ba sai bayan binciken da aka yi a jami'ar Turku ta ƙasar Finlan a farkon shekarun 1970. A 1975 aka fitar da cingam mai zailitol a can, daga nan ya shiga man goge baki da alewa da magunguna.

Akwai shi a wasu 'ya'yan itatuwa, amma ɗan mitsitsi ne, tatsarsa ba ta biyan wahala. Don haka ake yin sa daga wani sukari da ake kira zailos, wanda ke ɗaure a jikin itace da kara da totuwa cikin sinadarin zailan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar totuwa dangin zailan ne. Ragowar rake bayan an matse ruwansa, irin wadda masu mazarƙwaila ke turawa ƙarƙashin kasko, tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin zailos da zailitol kuwa ƙwayar haidirojin biyu ce kacal. Duk hanyoyin nan huɗu dabarun liƙa waɗannan biyun ne.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi: na kafa wurin, da na tafiyar da shi kullum. Na biyu, wane irin tsabta hanyar ke nema daga ruwan zailos kafin ta karɓe shi. Wannan ma'aunin shi mutane suka fi mantawa, alhali nan ne mafi yawan kuɗin ke zurarewa. Na uku, nawa ke fita daga abin da aka zuba. Na huɗu juriya: in wuta ta ɗauke, in zafin bazara ya haura digiri 40, in wani ƙarfe ya lalace, aikin zai tsaya cak ne ko zai lallaɓa? Na biyar haɗari da doka. Na shida, wahalar fitar da farar tsaba a ƙarshe, domin ruwa mai zailitol a ciki ba shi ne kayan sayarwa ba.

Akwai mataki ɗaya da kowa zai bi, ko wace hanya ya ɗauka. Ana niƙa totuwa, a jiƙa ta a ruwa mai ɗan asid na salfa, dangin ruwan batir amma tsarmamme ƙwarai, kamar kashi 1 cikin 100, a dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na rabin awa zuwa awa guda. Abin da ke fitowa ruwa ne ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, mai ƙamshin ƙonannen sukari da ɗan hamami. A cikinsa akwai zailos da ake nema, akwai wasu nau'o'in sukari, gulukos da arabinos, sannan akwai gubar da zafi da asid suka haifar: furfural, asid na asetik irin na binega, da sinadaran fenol da suka fito daga lignin, sinadarin da ke taurara itace. Yadda kowace hanya ke mu'amala da wannan jan ruwan shi ne rabin labarin.

Hanya ta farko: haidirojin da nikel

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau mafi yawan zailitol da ke kasuwannin duniya ta nan yake fitowa. Masana'antun Sin, musamman na lardin Shandong, da totuwa suke yi. A Lenzing ta ƙasar Ostiriya kuwa ana cire zailos ne daga ruwan da ya rage a masana'antar sarrafa itace. Ana zuba tataccen zailos a tanki mai kaurin ƙarfe, a sa garin ƙarfen nikel na Raney, mai hanzarta liƙa haidirojin a jikin zailos, a danna iskar haidirojin da matsin da kan kai ninki 50 na iskar da muke shaƙa, a zafin digiri 80 zuwa 140. Cikin 'yan awoyi kusan duk zailos ɗin ya juye.

Saurin nan da tabbacin nan su ne ƙarfinta. Rauninta kuwa nikel ba ya jure datti. Ƙazanta kaɗan a ruwan ta isa ta kashe masa kaifi, kuma duk wani sukari da ya bi zailos ya shiga tankin shi ma zai juye ya zama nasa nau'in, a zo ana fama da raba su. Shi ya sa sai an bi da jan ruwan ta gawayin tacewa, da ginshiƙan musayar ayon, da na'urar rarrabe sukari, sau da yawa ma har sai an fitar da tsabar zailos zalla kafin a kai ga nikel. A kowane mataki ana asarar wani abu, har abin da ke zama zailitol a ƙarshe yakan tsaya wajen kashi 50 zuwa 60 na zailan da aka fara da shi.

Jarinta babba ne, tana shan tururi da wutar lantarki, tana buƙatar haidirojin ba yankewa. Haidirojin kuma iska ce mai fashewa, nikel na Raney in ya bushe yana kamawa da wuta da kansa. Wannan aikin injiniyoyi ne masu horo, da masana'antar da ke juya dubban tan a shekara. Ba na ba wa ƙaramin mai jari shawarar ya ma yi mafarkinta, kuma ɗalibin da ɗakin gwajinsu ba shi da tankin matsi na gaske kada ya yi dabarar haɗa na gida.

Hanya ta biyu: yis na asali

A nan zan fi daɗewa, domin ita ce hanyar da mafi yawan masu tambayata za su iya taɓawa da hannunsu.

Wasu nau'o'in yis suna cin zailos. Fitattunsu Candida tropicalis, da Candida guilliermondii wanda masu bincike a Lorena ta Barazil suka shafe shekaru suna gwadawa a kan ragowar rake, da Debaryomyces hansenii da ake samu a cuku da abinci mai gishiri. A cikin ƙwayar yis akwai enzayim guda, wato furotin mai juya sinadari, da ke mayar da zailos zailitol, akwai na biyu da ke karɓar zailitol ɗin ya tura shi gaba don yis ya ci ya girma. Na biyun ba ya aiki sosai sai da wadatar oksijin. To dabarar ita ce a takura wa yis iska: a ba shi wadda za ta riƙe ransa, a hana shi wadda za ta sa ya cinye abin da ya yi. Sai zailitol ya taru masa a ciki, ya riƙa fitar da shi cikin ruwa.

Faɗar ta fi yi sauƙi. In iska ta yi yawa, za ka ga kwalba ta yi kauri da yis, ka yi murna, ka auna ka tarar babu komai sai ƙwayoyin da suka ƙoshi. In ta yi kaɗan, yis ya yi sanyi, ya koma fitar da barasa da gilisarol. Na taɓa jera kwalabe goma sha biyu a injin girgiza ranar Alhamis da yamma, aka ɗauke wuta cikin dare, janareta kuma babu mai. Da safe na tarar yis ya kwanta fari fat a gindin kowace kwalba, na cire audugar bakin ɗaya sai warin tsami ya buge ni. Totuwar mako biyu da na niƙa na dafa na tace ta tafi a dare ɗaya. Tun daga ranar ba na fara tsimi sai na tabbatar da batir da inbata.

Kyawunta shi ne ba ta neman zafi ko matsi. Digiri 30 ya isa, a tanki na yau da kullum, kwana biyu zuwa huɗu. Kuma yis ba ya neman zailos zalla: yakan cinye gulukos ɗin da ke ruwan ya mayar da shi ƙarfin jiki, wato ya yi maka wani ɓangare na tacewa kyauta. Sai dai in gulukos ya yi yawa, yis zai yi biris da zailos har sai ya gama da shi. Gubar jan ruwan ma tana damunsa, musamman asid na asetik da furfural, don haka sai an rage ta. Hanyar da aka saba ita ce a zuba kalsiyom haidiroksaid, dangin farar ƙasa, har ruwan ya bar tsami ya koma kanwa-kanwa, a tace, a dawo da shi ɗan tsami, sannan a bi da gawayin tacewa. Wannan tacewar ta fi ta hanyar nikel araha nesa ba kusa ba, amma ita ma tana tafiya da wani kaso na zailos.

A lissafi, giram ɗaya na zailos ba zai ba da fiye da kusan giram 0.9 ba ta wannan hanya, saboda yis na cin nasa rabon. A aikace, da tataccen zailos ana samun 0.7 zuwa 0.8 in an ƙware, da jan ruwan totuwa kuwa sau da yawa ƙasa da haka ne.

Abu biyu nake so mai zaɓar ta ya riƙe. Na ɗaya, Candida tropicalis, wanda ya fi ba da yawa, yana iya sa wa mai raunin garkuwar jiki cuta. Yin bincike da shi a ɗakin gwaji mai ƙa'ida daidai ne, amma wanda ke da niyyar kai kayansa gaban NAFDAC wata rana gara ya duba Debaryomyces hansenii, mai tarihi a abinci. Akwai kuma Kluyveromyces marxianus, wanda shi ma na abinci ne kuma yana jure zafin digiri 40 zuwa 45. Yawan abin da yake bayarwa bai kai na Candida ba, amma ga wanda zai yi aiki a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, kuɗin sanyaya tanki ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ya cancanci a gwada shi da gaske.

Na biyu, fitar da tsaba. Ruwan da ya gama tsimuwa cike yake da ƙwayoyin yis, furotin, gishiri, launi, da arabitol wanda ya yi kama da zailitol har raba su ke wuya. Sai an cire yis da injin juyi, a wanke launi da gawayi, a ƙafar da ruwan a ƙarƙashin zuƙar iska har ya yi kauri, a jefa 'yar tsabar zailitol a matsayin iri, a sanyaya a hankali. Zailitol yana son ruwa ƙwarai, in da datti a ciki sai ya ƙi daskarewa, ka zauna da wani abu mai danƙo kamar zuma. Da yawa daga cikin ayyukan ɗalibai a nan suke tsayawa, a rubuta adadin da na'ura ta nuna a cikin ruwa, ba a taɓa riƙe tsabar a hannu ba.

Hanya ta uku: ƙwayoyin da aka sauya wa halitta

Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, amintacce ne a abinci kuma yana da juriya, amma ba ya iya cin zailos sosai. A 1991 masu bincike a Suwidin da Finlan suka ɗauko ƙwayar halittar enzayim na farko daga wani yis mai suna Pichia stipitis suka dasa masa. Tunda ba shi da hanyar cinye zailitol ɗin da ya yi, sama da kashi 95 na zailos ya juye. Daga baya an yi irin wannan da bakteriyar E. coli, mai saurin girma, an kuma toshe enzayim na biyu a jikin Candida don ya daina cin abin da ya haɗa.

Yawan abin da ke fita ya fi na kowane yis na asali, kuma wahalar daidaita iska ta ragu. Kuɗin yana wani wurin. Dole a riƙa ɗiga masa gulukos ko gilisarol a hankali don ya sami ƙarfin aiki, wannan sayen sukari ne don a yi sukari. Irin ƙwayar kuwa ko dai ka gina shi, wanda ke buƙatar kayan aikin ƙwayoyin halitta da firjin da ba ya mutuwa, ko ka karɓo shi da yarjejeniya, mafi kyawunsu kuma akwai haƙƙin mallaka a kansu. Wasu irin sukan zubar da abin da aka dasa musu bayan an yi ta maimaita su. E. coli yana da gubar jikinsa da dole a tabbatar ba ta bi kayan ba. A Nijeriya kuma aiki da halittar da aka sauya yana ƙarƙashin hukumar NBMA, mai kula da halittun da aka sauya, da aka kafa a 2015, sai da izininta. Ga kuma ra'ayin masu saye, waɗanda da yawansu ke ɗar-ɗar da duk abin da aka ce an taɓa masa halitta, ko da babu ƙwayar ko ɗaya a cikin farar tsabar.

Hanya ta huɗu: enzayim zalla

A nan ana ciro enzayim ɗin daga jikin yis a zuba shi kai tsaye a ruwan zailos. Juyin yana kusan cika ɗari bisa ɗari, ruwan kuma ya fito da tsabta. Matsalar ita ce enzayim ɗin ba ya aiki sai da wani mataimaki, NADH ko NADPH, mai tsadar gaske, wanda dole a haɗa da enzayim na biyu da zai riƙa sabunta shi. An nuna tana aiki tun shekarun 1990, amma har yanzu ta fi zama a ɗakin gwaji.

| Ma'auni | Nikel | Yis na asali | Wanda aka sauya | Enzayim |
|---|---|---|---|---|
| Jarin farawa | Babba ƙwarai | Matsakaici | Matsakaici zuwa babba | Kayan aiki kaɗan, sinadarai masu tsada |
| Zafi da matsi | Digiri 80 zuwa 140, matsi mai yawa | Wajen digiri 30, babu matsi | Digiri 30 zuwa 37, babu matsi | Zafin ɗaki, babu matsi |
| Tsabtar zailos | Zalla | Rage guba ya isa | Rage guba, ƙari da gulukos | Mai tsabta sosai |
| Juyin zailos | Kusan duka, asarar tana wajen tacewa | Giram 0.8 zuwa ƙasa | Sama da kashi 90 | Kusan duka |
| Lokaci | Awoyi | Kwanaki | Kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki | Awoyi |
| Babban haɗari | Gobara da fashewa | Gurɓata, ɗaukewar wuta | Izini, lalacewar iri | Mutuwar enzayim |
| Fitar da tsaba | Ya fi sauƙi | Mai wuya | Mai wuya | Da dama-dama |

Kafin a zuba kuɗi a kowace, a san kayan da za a sayar. Zailitol ya fi sukari tsada ninki-ninki, kuma wanda zai yi shi a nan zai yi gogayya ne da na Sin da aka yi da araha saboda yawa. In an sha da yawa yana sa gudawa da kumburin ciki, shi ya sa a Turai abincin da irin wannan zaƙin ya wuce kashi 10 cikin 100 dole a rubuta gargaɗi a jikinsa. Guba ne ga karnuka, kaɗan ya isa ya faɗar musu da sukarin jini. A 2024 kuma masu bincike a Cleveland Clinic ta Amurka suka wallafa cewa yawansa a jini yana da alaƙa da daskarewar jini da ciwon zuciya. Wannan ya fi shafar masu sha da cokali a shayi fiye da mai tauna cingam, amma ya isa ya sa duk mai niyyar tallata shi ga masu ciwon suga ya iya bakinsa, ya bar wa likita maganar adadin da za a sha.

Wa ya dace da wacce

Ɗalibin digiri na farko ko na biyu mai ƙaramin kasafi ya ɗauki yis na asali da totuwa. Ya fara da tataccen zailos na saye don ya gane halin yis ɗinsa da iskar da yake so, sannan ya koma jan ruwa. Ya tabbatar tun farko inda zai auna samfurinsa da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna kowanne, domin gwajin launi yana ruɗa zailitol da 'yan uwansa. In ya kai aikinsa har ga tsaba, ko da cokali ɗaya ce, ya fi wanda ya cika shafi hamsin da jadawali.

Mai digiri na uku da ke da haɗin gwiwa da ɗakin gwaji mai kayan aikin ƙwayoyin halitta, hanya ta uku tasa ce, musamman matsalar arabitol da juriyar zafi. Ya nemi izini kafin ya fara. Wanda zuciyarsa ke kan enzayim kansa ya bi ta huɗu, da sanin cewa ilimi zai samo, kaya na sayarwa sai nan gaba.

Ɗan kasuwa mai matsakaicin jari kada ya sayi tanki tukuna. Ya ɗauki nauyin gwajin lita 50 zuwa 100 da yis na abinci, ya sa a lissafa masa komai a kan kilo ɗaya na tsaba: kuɗin tattaro totuwa daga ƙauyuka da busar da ita, asid, gawayi, dizal, da abin da za a yi da ruwan datti. Totuwa kyauta ce a gona, amma ba ta da nauyi tana cika mota, kuɗin dakonta kan ba mutum mamaki. Wanda ke da kamfanin sukari ko na sarrafa masara, mai tukunyar tururi da wutarsa da ragowar kaya a harabarsa, shi kaɗai ne lissafin hanyar nikel zai iya yi wa daidai, kuma ko shi zai iya farawa da sayar da tataccen zailos kafin ya kai ga haidirojin.

Wanda kuma abin da yake da shi sitaci ne na rogo ko na masara, ba totuwa ba, ya duba eritiritol, wani abin zaƙi ɗan uwan zailitol. Shi daga gulukos ake yin sa, da yis irin su Yarrowia lipolytica da Moniliella, tsimi ne hanyarsa ta masana'anta tun asali, kuma tsabarsa ta fi ta zailitol saurin fita daga ruwa.